Ciwon baya da na wuya: wanda ke wucewa da wanda ba a jira da shi

Kashin bayan mutum gaɓoɓi 33 ne a jere, 7 a wuya, 5 a ƙugu, kuma tsakanin mafi yawansu akwai faifan guringuntsi mai laushi da ke hana su gogar juna. Ƙugu shi ke ɗauke da nauyin jiki, shi ya sa koke ya fi yawa a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu.

Yawancin wanda muke gani a nan Sakkwato daga aiki yake. Manomin albasa ko shinkafa a fadamun Wurno da Goronyo da ke wuni a duƙe, ɗan dako da ke sunkuyawa ya fizgi buhu, ɗan kabu-kabu da ramukan hanya ke jijjigawa tun safe, uwa mai goyo ga daka ga jan ruwa a rijiya. Tsoka ce ke gurɗewa, kuma galibi cikin mako 6 ta lafa. Wuya kuma, sunkuyar da kai kan waya da dakon kaya a ka sun fi komai gajiyar da shi.

Irin wannan ba ya son kwanciya. Mutum ya ci gaba da 'yar tafiyarsa da aiki mara nauyi, ya gasa wurin da ruwan ɗumi. In za a ɗaga kaya, a durƙusa, a jawo shi kusa da jiki, a miƙe da ƙarfin ƙafafu.

Akwai wanda faifan nan ne ke turowa ya danne jijiya, sai zafin ya gangara daga ɗuwawu har ƙasan ƙafa, da mintsini ko mutuwar jiki. A wuya kuwa hannu yake sauka. Dattawa kuma shekaru ne ke cinye musu gaɓoɓin.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin kashe zafi da ake saya a kemis ko wurin mai talla a haɗiya kullum. Diclofenac da ibuprofen in aka daɗe a kansu suna jawo gyambon ciki, suna lalata ƙoda, ballantana ga wanda ke aiki cikin zafin ranarmu bai shan isasshen ruwa. Tramadol kuwa kama mutum yake yi. Ƙaho da tsagar wanzami ba sa kaiwa ga faifan da ke can ciki.

Don Allah kada a kwana a gida in fitsari ko bayan gida na kuɓucewa ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko mutum ya fara jan ƙafa. Haka in ciwon ya biyo bayan haɗari ko faɗowa: kada a kai wa mai ɗori ya murɗa, a kwantar da mai ciwon a miƙe kan allo a wuce asibiti. Ciwon baya da rama da zufar dare na iya zama tarin fuka da ya shiga kashi, yana shanye ƙafafu in an yi sakaci, alhali maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Asibitin Ƙwararru da na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo duk suna duba irin waɗannan.

Wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, musamman tsakanin hunturu da bazara, a ɗauke shi sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne, babba ne ko yaro, a kai shi asibiti a ranar.