Halitta, zunubi da alheri: tambayoyin da kuka ƙi daina turo mini

Tambayoyin nan dai su ne kullum, yau wannan ya turo gobe wancan, kamar ba a taɓa amsa su ba. To ga su wuri ɗaya. Don Allah ku karanta kafin ku sake turowa.

Tuffa ce Adamu da Hawwa'u suka ci?

Babu tuffa a Farawa 3. Itacen sanin nagarta da mugunta aka ce, ba a faɗi irin 'ya'yansa ba.

Ko dai kwanciyar aure ce zunubin, aka sakaya?

A'a. Tun a Farawa 1:28 Allah ya sa musu albarka ya ce su hayayyafa, lokacin maciji bai ma buɗe baki ba. An ce kada su ci, su kuma suna son zama kamar Allah, suka ci. Shi ke nan.

Tunda alheri kyauta ne, sai in ci gaba da abin da nake yi?

Haba ɗan'uwa. Bulus ya yi wa kansa wannan tambayar a Romawa 6:1-2 ya amsa da a'a, ko kaɗan. Kai ma ka san amsar, izini kake nema, ni kuwa ba ni da shi.

Kwana shidan halitta na awa 24 ne?

Kiristoci sun rabu a kai tun da daɗewa. Agustin na Hippo, babban malamin ikilisiya wanda ya rasu a shekara ta 430, bai ɗauke su irin kwanakinmu ba, rana kanta ai sai a kwana na huɗu aka yi ta. Wasu kuma sun tsaya kan awa 24. Cetonka bai rataya a nan ba, ku daina ɓata zumunci a kai.

Me ya haɗa ni da laifin Adamu, ina wurin ne?

Romawa 5:12 ta ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo shi. Wani malami Felajiyus ya ce ba mu gaji komai ba sai mugun misali, taron ikilisiya a Kartaj, a Arewacin Afirka, ya ƙi wannan koyarwa a 418. Amma ni abin da ke ba ni mamaki, masu wannan tambayar ba sa taɓa zancen nasu laifin na makon jiya. Ka bar Adamu ya huta.

Na cuci wani shekarun baya, bai sani ba. Na tuba a gaban Allah. Dole ne in je in faɗa masa?

To, wannan ita ce tambaya, kuma ba zan ba ka amsa ɗaya ta kowa da kowa ba. Farko dai ka kwantar da hankalinka, gafarar Allah ba ta jiran sai ka biya. Afisawa 2:8-9 ta ce ta alheri aka cece ku, ba ta ayyuka ba, ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu kuwa (Luka 23) bai sami damar mayar wa kowa komai ba, amma an yi masa alkawarin Firdausi a ranar.

Sai dai shi an kafe hannayensa ne, kai naka a sake suke. Zakka mai karɓar haraji, da alheri ya shiga gidansa, ba wanda ya tilasta shi, da bakinsa ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8), a Matiyu 5:23-24 kuma Yesu ya ce ka bar baikonka gaban bagade ka fara shiryawa da ɗan'uwanka tukuna. Saboda haka in kuɗi ne ko kaya, a ganina mayarwa ta zama dole gwargwadon ƙarfinka, ko da kaɗan-kaɗan, ko ta hannun wani, in ya mutu ga magadansa. In sharri ka yi masa ka ɓata masa suna, ka koma wurin waɗanda ka faɗa wa ka gyara, wannan ma ya fi zuwa wurinsa kana kuka.

Inda nake taka-tsantsan shi ne abin da faɗinsa zai ji wa mutumin sabon ciwo, ko ya jefa wani na uku cikin haɗari. Wani lokaci mai son ya faɗa ba don wancan yake yi ba, so yake ya sauke nauyin ya ɗora wa wanda ya riga ya cuta. Wani lokaci kuma, kuma wannan ya fi yawa, "kada in tayar masa da hankali" tsoro ne kawai ya sa riga. Ba zan iya gane wanne ne naka daga saƙo ɗaya ba. Ka zauna da fasto ko fada (limamin Katolika) ko wani dattijo mai riƙe sirri, ka faɗa masa duka ba rabi ba. In kuma abin ya kai ga wani yana shan hukunci a madadinka, nan babu zancen shiru.

A kan ceto Bulus ya ce bangaskiya, Wasiƙar Yakubu ta ce ayyuka, wa za mu bi?

Su biyun. Ka karanta Afisawa 2 har aya 10, kada ka tsaya a 9. Katolika da Lutheran ma da suka fi shekara 400 suna wannan gardama sun sa hannu kan matsaya ɗaya a Augsburg, Jamus, a 1999.

Ina tsoron na yi zunubin da ba a gafartawa.

'Yar'uwa, waɗanda Yesu ya yi wa gargaɗin saɓon Ruhu Mai Tsarki a Markus 3 sun ga aikin Ruhu Mai Tsarki da idonsu suka ce na Shaiɗan ne, ko a jikinsu. Ke kuwa ga ki kin kasa barci. Karanta 1 Yohanna 1:9 ki je ki kwanta.