Ƙungiyoyin Kiristoci masu hawan tsauni a Birtaniya

Ƙungiyar Kiristoci masu hawan tsauni taro ne na mabiya ɗarikun coci daban-daban waɗanda ke fita tare su taka tsaunuka da ƙafa, musamman a Scotland, da Yankin Tafkuna na arewacin Ingila, da Wales. Tafiya ce ta ƙafa zalla, ba irin hawan da ake yi da igiya a jikin dutse ba. Abin da ya bambanta su da sauran ƙungiyoyin yawo shi ne addu'a da zumunci da suke haɗawa da tafiyar. Da yawa daga cikinsu suna maraba da wanda ba Kirista ba.

Asali

Alaƙar coci da hawan tsauni tsohuwa ce a ƙasar. A 1891 Fasto T. A. Leonard na garin Colne, a Lancashire, ya ɗauki matasan cocinsa, ma'aikatan masaƙu, zuwa garin Ambleside na Yankin Tafkuna don su yi hutu a tsaunuka maimakon wuraren shaye-shaye na bakin teku. Daga nan ƙungiyar shirya tafiye-tafiyen hutu ta Co-operative Holidays Association ta samo tushe, kuma a 1913 Leonard ya kafa wata irinta, Holiday Fellowship. A Scotland kuwa, tsaunukan da suka haura ƙafa 3,000 (mita 914) ana kiransu Munro, da sunan Sir Hugh Munro wanda ya jera su a 1891. Yau adadinsu 282 ne. An daɗe ana ɗaukar limamin coci A. E. Robertson a matsayin wanda ya fara gama hawansu, a 1901, ko da yake akwai shakka a kan haka; wani limamin, Ronald Burn, ya gama a 1923.

Yadda ake tsara fita

Fita iri biyu ce: ta yini guda, yawanci ranar Asabar, da ta ƙarshen mako inda ake kwana a masaukin matafiya mai gadaje hawa biyu, ana girki tare. Akan haɗu a shiga motocin juna, a raba kuɗin mai. Kafin ranar, jagora yana sanar da nisan hanya, da yawan hawan da ke ciki, da matakin wuyarta, domin kowa ya auna ƙarfinsa. Sabon shiga ya fara da mafi sauƙi, ko da yana jin kansa ƙaƙƙarfa, don gangara a kan duwatsu masu santsi tana cin gwiwa fiye da yadda ake zato.

Ana ƙiyasta lokaci da ƙa'idar da William Naismith, wani mai hawan tsauni ɗan Scotland, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Hanyar kilomita 12 mai hawan mita 900 za ta ci kusan awa huɗu ke nan. Amma lissafin na mutum ɗaya ne mai ƙarfi wanda ba ya tsayawa. Ayari yana tsayawa cin abinci, da sa riga da cire ta, da jiran na baya, saboda haka jagora mai hankali yakan ƙara awa ɗaya ko biyu. A watan Disamba hasken rana a Scotland kusan awa bakwai ne kawai, kuma wannan ƙarin shi ne ke raba masu saukowa da sauran rana da masu saukowa da tocila.

Jagora yana gaba, ana kuma naɗa gogagge ɗaya ya riƙe baya, ba wanda zai wuce na gaba ko ya saura bayan na ƙarshe. Ana ƙirga kawuna duk inda aka tsaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne masu sauri su huta su jira, da zarar na baya ya iso sai su miƙe, ya zama wanda ya fi gajiya bai taɓa hutawa ba.

Ibada a kan hanya

Kafin a tashi akan yi gajeriyar addu'a a wurin ajiye motoci. Wasu suna karanta nassi a lokacin abincin rana, kuma Zabura 121, wadda ta buɗe da ɗaga ido zuwa ga duwatsu, tana cikin waɗanda aka fi so. Ba a tsawaita wannan a saman tsauni, domin jikin da ya yi gumi yana saurin ɗaukar sanyi in ya zauna. Nazarin Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi ana barinsu sai dare a masauki. Ranar Lahadi wasu sukan je sujada a cocin ƙauyen da suka sauka, sannan su yi gajeriyar tafiya da rana. A tsibirin Lewis da Harris na Scotland, inda ake tsare Lahadi sosai, baƙi suna kiyaye al'adar masu gari.

Kaya

Takalmin but mai rufe idon sawu, riga da wandon ruwa, rigar ɗumi, hula da safar hannu ko a lokacin zafi. Ba a sa wandon jins ko rigar auduga a ciki, don auduga tana riƙe ruwa ta tsotse ɗumin jiki. A jakar goyo a sa ruwa lita ɗaya zuwa biyu, abinci da ƙari, tocilar goshi, usur, kayan agajin farko, kamfas, da taswirar Ordnance Survey, hukumar taswira ta Birtaniya, mai ma'aunin 1:25,000 ko 1:50,000. Waya tana taimakawa, sai dai sanyi yana kashe batir. In akwai dusar ƙanƙara sai da gatarin ƙanƙara da ƙarafunan da ake ɗaura wa takalmi, da kuma sanin yadda ake aiki da su.

Abin da ke ɓaci

Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 na ma'aunin Celsius a kowane mita 1,000 na hawa. Ƙololuwar tsaunin Ben Nevis na Scotland, mita 1,345, takan fi garin Fort William da ke gindinta sanyi da kimanin digiri 9, ba a sa iska a lissafi ba. Wanda ruwa ya jiƙa, ga iska ga yunwa, zafin jikinsa yana faɗuwa: ya fara karkarwa, ya yi shiru, ya riƙa tuntuɓe, maganarsa ta lauje. Sai a tsaya nan take a kare shi daga iska, a raba shi da ƙasa mai sanyi, a ƙara masa tufafi busassu, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi in yana iya haɗiya.

Hazo shi ne haɗari na biyu. Saman Ben Nevis fili ne mai ramuka masu zurfi a gefe, shi ya sa ake saukowa daga ƙololuwar da kamfas: digiri 231 na tsawon mita 150, sannan digiri 282. Ayari ya matse wuri ɗaya, kowa yana ganin na gabansa. In jagora ya ce a juya, ko saura taku ɗari a kai ƙololuwa, a juya. Ba a ɗaukar wannan a matsayin ƙarancin bangaskiya.

Ƙananan matsaloli su ne bororo a diddige, wanda ake rufewa da filasta tun yana zafi bai kumbura ba, da targaɗe, da ƙananan ƙwari masu cizo na yammacin Scotland a lokacin zafi, da kaska mai ɗauke da cutar Lyme, wadda ya kamata a duba jiki a cire ta a ranar.

In abu ya yi tsanani, a buga 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce masu ceton tsauni, waɗanda yawancinsu 'yan sa-kai ne. A ba da lambar wurin daga taswira, da yawan mutane, da irin raunin. Inda babu sabis, alamar neman taimako ita ce busa usur sau shida, a dakata minti ɗaya, a maimaita.

Haƙƙin shiga

Dokar Scotland ta 2003 ta ba jama'a damar bin mafi yawan filaye muddin sun yi da kula. A Ingila da Wales damar ta taƙaita ga hanyoyin da doka ta amince da su, da filayen da dokar shekarar 2000 ta buɗe. Ana barin ƙofar shinge yadda aka same ta, ana riƙe kare da igiya kusa da tumaki, musamman lokacin haihuwarsu, kuma a Scotland ana bincika ranakun farautar barewa kafin a zaɓi hanya a watannin Agusta zuwa Oktoba.