Bayan bam ya tashi: yadda gwamnatin kama-karya da ta dimokuraɗiyya ke mayar da martani

A Yulin 2015 bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, Zariya, ana tsaka da tantance ma'aikata, ya kashe sama da mutum 20. Duk wanda ya ga irin wannan rana yakan tambayi abin da ya kamata hukuma ta yi.

Shin dimokuraɗiyya sassauci take yi wa 'yan ta'adda?

A'a. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 Amurka ta faɗaɗa ikon leƙen asiri, ta buɗe gidan yarin Guwantanamo. Faransa ta shekara biyu cikin dokar ta-ɓaci bayan harin Paris na Nuwambar 2015. Kowace gwamnati tana sa ƙarfi. Bambancin yana ga wanda zai iya taka mata burki.

Wa ke taka burkin?

Kotu, majalisa, 'yan jarida da masu zaɓe. A 2008 Kotun Ƙolin Amurka ta ce fursunonin Guwantanamo suna da haƙƙin ƙalubalantar tsarewarsu. Misalin Sifaniya ya fi fitowa fili: a Maris 2004 aka kai hari jiragen ƙasa a Madrid, mutum sama da 190 suka mutu, gwamnati ta yi saurin ɗora laifin kan ƙungiyar 'yan awaren yankin Basque, ETA, alhali masu iƙirarin jihadi ne. Kwana uku bayan haka jam'iyya mai mulki ta faɗi zaɓe.

Mai mulkin kama-karya fa?

Yakan rufe bakin jarida, ya yi kamen kan mai uwa da wabi, sannan ya fake da harin ya ƙara wa kansa iko. Bayan garkuwa da mutane a makarantar Beslan a Rasha a 2004, inda sama da mutum 330 suka mutu, fiye da rabi yara, Putin ya soke zaɓen gwamnoni kai tsaye. Masar kuwa ta zauna cikin dokar ta-ɓaci daga 1981 har 2012. Illar a nan babba ce: idan ba a binciki kuskuren jami'ai ba sai a maimaita shi, kuma unguwar da aka kwashe wa samari ba ta sake tsegunta wa hukuma komai.

Ina Nijeriya ta tsaya?

A rubuce, burkin yana nan. Sashe na 305 na kundin tsarin mulki ya ce dokar ta-ɓaci sai da amincewar kashi biyu bisa uku na kowace majalisar tarayya. Ta wannan sashe aka bi a Mayun 2013 kan Borno, Yobe da Adamawa. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40.

A aikace ne ake samun tangarɗa. A Yulin 2009 aka kashe shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, a hannun 'yan sanda ba tare da shari'a ba. Bayanan da kotu za ta tatsa daga bakinsa suka tafi da shi, Boko Haram kuma ta dawo ƙarƙashin Shekau da mugunta fiye da da.