Ciwon Jijiyar Fudendal a Mata Mahaya Doki

Ciwon jijiyar fudendal zugi ne mai daɗewa da ke kama ƙasan ƙugu, daga gaba zuwa dubura, idan jijiyar da ke kai ji wurin ta matsu ko ta yi rauni. Yana samun maza da mata, sai dai mata sun fi yawa cikin waɗanda ake gano shi a jikinsu. Likitoci kan lissafa hawan doki cikin abubuwan da ke tayar da shi, tare da tuƙa keke, haihuwa mai wuya, tiyata a ƙugu da yawan yunƙuri saboda taurin bayan gida.

Yadda jijiyar take

Guda biyu ce, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tana tasowa daga saiwa ta 2 da ta 3 da ta 4 na ƙashin da ya haɗa gadon baya da ƙugu. Takan fita daga cikin ƙugu, ta kewaya wani ɗan tsinin ƙashi a tsakanin igiyoyi biyu masu tauri, ta sake komawa ciki ta bi wata siririyar hanya da ake kira magudanar Alcock. Ta rabu gida uku: reshe ɗaya na dubura, ɗaya na tsakanin gaba da dubura, ɗaya na saman gaban mace. A tsakanin igiyoyin nan da cikin magudanar ba ta da wurin sakewa, nan ne ta fi matsuwa.

Tarihi

Zargin cewa sirdi na taɓa lafiyar al'aura ya tsufa. Rubuce-rubucen da ake jingina wa Hifokratis, likitan Girka, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ambaci mazajen Sikitiyawa, mutanen da kusan a bayan doki suke wuni, aka ce yawan hawa ne ya raunana musu ƙarfin namiji. Maganar maza ce kawai aka yi, kuma haka ta zauna ƙarni bayan ƙarni.

A Turai matan gidan sarauta sun daɗe suna hawa da sirdin gefe, ƙafafu biyu a ɓangare guda. Ana yawan cewa Sarauniya Anne 'yar Bohemiya ce ta yaɗa shi a Ingila bayan aurenta a 1382, amma masana tarihi ba su haɗu a kan haka ba. Sai a farkon ƙarni na 20 hawa irin na maza, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya zama ruwan dare ga matansu, kuma shi ne zaman da ke ɗora nauyi a kan hanyar jijiyar.

Magudanar ta samu sunanta daga Benjamin Alcock, masanin ƙirar jiki ɗan ƙasar Ailan, wanda ya siffanta ta wajen 1836. An yi shekara 150 kafin a haɗa ta da wannan ciwo sosai: a 1987 likitan Faransa Gérard Amarenco da abokan aikinsa suka bayyana matsuwar jijiyar a jikin masu tseren keke. A 2008 wasu likitoci suka wallafa sharuɗɗan gano ciwon, waɗanda ake kira da sunan birnin Nant na Faransa.

A ƙasar Hausa doki na sarauta ne da hawan Sallah, a da kuma har da yaƙi, kuma fagen maza ne. Sunan da aka fi tunawa cikin mata shi ne Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda ake saɓani kan zamaninta tsakanin ƙarni na 15 da na 16. A tsaunukan Filato kuwa, Birom da maƙwabtansu suna da nasu ƙananan dawaki da suke hawa ba sirdi. Yau mace kan hau a filin folo na Jos, a kulob ɗin folo na Guards da ke Abuja, ko ta yi hayar doki a bakin tafkin Jabi ran Sallah. Zagaye biyu na nishaɗi ba shi ne abin damuwa ba. Maganar ta masu kilisa da atisaye kullum ce.

Yadda hawa ke jawo shi

Zama mai kyau a kan sirdi yana ɗora nauyi a ƙasusuwan nan biyu na ƙarƙashin ɗuwawu. Da mahayiya ta zame gaba ta jingina da ƙoƙon sirdi, nauyin ya koma kan nama mai laushi. Sassarfa ta fi tafiya bugu, musamman ga wadda ba ta iya tasowa a kan likkafa ba. Mai tsoron faɗuwa kuma takan matse cinyoyi ta ɗaure naman ƙasan ƙugu na tsawon lokaci, shi ma yana danne jijiyar. Faɗuwa da ɗuwawu na iya yi mata rauni nan take.

Ƙugun mace ya fi na namiji faɗi, ƙasusuwan zamanta sun fi nisa da juna. Wasu maɗinka sirdi na ganin sirdin da aka yi wa maza na cikin abubuwan da ke jawo wa mata ciwon. Akasarin binciken da aka yi dai kan masu keke ne.

Alamomi

Sharuɗɗan Nant biyar ne: zafin yana inda jijiyar ta bi, zama na tsananta shi, ba ya tashin mai shi daga barci, gwajin likita ba ya nuna wurin ya mutu, allurar kashe zafi a kan jijiyar na kawo sauƙi. Mata kan siffanta shi da ƙuna kamar barkono, ko sukar allura, ko jin kamar akwai wani abu a gaba ko a dubura. Yakan ƙaru zuwa yamma, ya lafa in an miƙe ko an kwanta. Saduwa da miji na iya zama azaba.

Abin takaici, kunya kan hana faɗa, kuma a wajenmu kusan duk ciwon wannan wuri "sanyi" ko "basir" ake ce masa. Sai a yi ta shan maganin ƙwayoyin cuta daga kemis wata da watanni, alhali ba ƙwayar cuta ba ce.

Mutuwar wurin zama gaba ɗaya, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida bayan faɗuwa daga doki, wani lamari ne daban da ke buƙatar asibiti cikin gaggawa.

Magani da kariya

Ana farawa da dakatar da hawa, da zama a kan matashi mai rami a tsakiya, da gashin ƙashi na musamman don sassauta naman ƙasan ƙugu. Likita kan rubuta magungunan zafin jijiya irin su amitriptyline ko pregabalin, sannan allura. Tiyatar buɗa wa jijiyar hanya ita ce matakin ƙarshe, kuma ba kowa take yi wa aiki ba. Wadda ta samu sauƙi takan koma hawa sannu a hankali, da sirdi daidai ƙugunta da likkafa daidai tsawon ƙafarta, ta fara da tafiya kafin sassarfa.