Dokar ruwa da mai layin bido a Kara-Kara

Dokar ruwa ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Afrilu 2010, ta ce samun ruwa hakki ne na kowane ɗan ƙasa. Ba ta ware unguwar Birni ta Damagaram daga unguwannin Kara-Kara ko Garin Malam ba, ba ta kuma ce sai mai takardar fili ba. To amma hakki daban, kyauta daban. Dokar ta ɗauki ruwa a matsayin dukiya mai tsadar samarwa, don haka mai amfani da shi zai sa hannu a aljihu, wanda ya gurɓata shi kuma ya biya ɓarna.

A birane kamfani biyu ke riƙe da aikin. SPEN, kamfanin gwamnati mai kula da kadarorin ruwa, ke da rijiyoyi da manyan bututu, kamfanin NDE kuma, wanda ya gaji tsohon kamfanin raba ruwa SEEN a 2024, shi ke raba ruwa ya karɓi kuɗi. Damagaram kan dutse take zaune, shi ya sa ake jawo ruwanta daga nesa, daga rijiyoyin wurare irin su Gogo-Machaya da Ganaram.

Ga inda gizo ke saƙar. Farashin hawa-hawa ne: lita 10,000 na farko a wata su ne masu rahusa, wai don talaka. Bido 400 ke nan, mai cin lita 25. Ga ƙaramin gida ya isa. Amma gidan haya mai iyali biyar da kwantar (mitar auna ruwa) ɗaya, da maƙwabta masu zuwa ɗiba, kafin wata ya raba sun tsallake, sun faɗa farashin masu hali. Wanda kuwa bututu bai kai lungunsa ba, rahusar ma labarinta yake ji. Shi da famfon unguwa ne: yara su jera bido tun kafin kiran asalatu, in ruwan bai zo ba a koma wurin ga-ruwa, wanda shi ma ya sa kuɗin guminsa. A bazara kam ba a magana.

A ganina, rahusar da aka ɗaura wa kwantar maimakon yawan bakunan gida ta kauce wa waɗanda aka yi ta dominsu. Idan unguwa za ta kai kuka, ta san me take nema. Faɗaɗa bututu aikin SPEN ne, ta hanyar mai unguwa da ofishin gunduma ake tura buƙatar. Famfon da ya lalace ko takardar kuɗi da ta wuce hankali kuwa, wannan na NDE ne.