Busa Sarewa a Ƙasar Zazzau

Sarewa kayan busa ce da ake yi da kara ko gora, wadda galibi ke da huji huɗu a jikinta. Mai busa yana hura iska a gefen bakinta, yana toshe hujin yana buɗewa da yatsu. A yanzu akan yi ta da bututun roba ko na ƙarfe. A Zariya sunan ya haɗa har da sarewar Turawa mai maɓallai, wadda ake riƙewa a gicciye.

Matsayinta cikin kayan busa

Busa iri biyu ce a ƙasar Zazzau, ta fada da ta gama-gari. Ta fada ita ce kakaki, algaita, farai da ƙaho. Ana jin su a ƙofar fadar Sarkin Zazzau daren Juma'a, da lokacin hawan Sallah da hawan Daushe, da ranar naɗin sarauta. Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Muhammadu Rumfa, wajen 1463 zuwa 1499, kuma daga nan ya zama alamar mulki a ƙasar Hausa, ba a busa wa kowa shi sai mai sarauta.

Sarewa ba ta cikin wannan rukuni. An fi saninta a hannun Fulani makiyaya da samarin ƙauye, a wurin kiwo, a gona bayan girbi lokacin da kara ya wadata, da dandali da dare. Saboda haka mai busa ta bai cika samun sarauta ko uban gida tsayayye ba, kuma labarinsa kaɗan ne a rubuce. Abin da aka adana mafi yawa game da makaɗan Zazzau ya fito ne daga binciken David Ames, Ba'amurken da ya zauna a Zariya a farkon shekarun 1960, wanda shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Koyo a gargajiyance

Busar fada gado ce. Yaro yana tashi a gidan mabusa, ya fara da ɗaukar kaya da bin ubansa wurin sabga, kafin a bar shi ya sa algaita a baki. Abu mafi wuya shi ne busa ba yankewa: mabushi ya cika kumatu da iska, ya riƙa turo ta yayin da yake shaƙar wata ta hanci. Bayan haka sai haddar take. Kowane basarake da takensa, kuma kayan busar suna bin hawa da saukar muryar Hausa, har mai sauraro da ya saba ya gane kirarin da ake faɗa ba tare da an furta kalma ba. Wanda ya busa wa basarake taken da ba nasa ba ya yi babban abin kunya. Shugaban mabusan yana riƙe da sarautar Sarkin Busa.

Koyon sarewa bai da wannan tsari. Yaro ya ga wansa ya yanko kara ya huda, shi ma ya gwada, kunne ne malaminsa.

Malamai sun saɓa kan hukuncin busa, kuma jagororin jihadin 1804 sun soki wasu nau'o'in kiɗa. Busar fada dai ta ci gaba.

Sarewar zamani da malaminta

Sarewar Turawa ta samu siffarta ta yau ne daga Theobald Boehm, Bajamushe, a 1847. Ta iso Zariya ta hanyar badujalar soja da kuma coci. Garin yana da sansanin horar da sababbin sojoji tun 1924, da makarantar sakandaren soja tun 1954, sannan akwai tsohuwar al'ummar Kirista Hausawa a Wusasa. A irin waɗannan wurare ɗalibi ke fara koyon karanta rubutun kiɗa, da yadda ake saita leɓe, da atisayen dogon numfashi kowace rana. Mai son takardar shaida yakan nufi kudu, ko Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, ko makarantar kiɗa ta ƙungiyar MUSON a Legas, ko makarantar kiɗa ta sojojin ƙasa a Ojo, ita ma a Legas. Fitaccen mai busa sarewa na Nijeriya, Tee Mac Omatshola Iseli, ɗan Legas ne, kuma ya taɓa shugabantar ƙungiyar mawaƙa ta ƙasa, PMAN.

Busa kaɗai ba ta cika riƙe gida ba, don haka akasarin masu ita koyarwa suke haɗawa da ita a makarantu masu zaman kansu ko a coci. A waƙoƙin finafinan Hausa kuwa, yawancin amon sarewar da ake ji daga fiyano yake fitowa.