Kiwon tattabara don sha'awa

Kiwon tattabara don sha'awa shi ne ajiye tattabaru a gida saboda daɗin kallonsu da ɗawainiya da su, ko da yake 'yan shila kan kawo ɗan kuɗin kashewa. A ƙasar Hausa yana cikin abubuwan da yaro ke fara gwada hannunsa a kai, kamar kiwon zomo ko ƙera motar kara. Wani ya yi wata biyu ya watsar ya koma ƙwallo, wani kuma har furfura yana hawa katanga duba ƙwai.

Tattabarar gida jikar wata ta daji ce mai sheƙa a kogon dutse, wadda masana ke kira Columba livia. An soma kiwonta a Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Kurciya da hasbiya danginta ne, amma su ba su zauna hannun mutum ba.

Abin da ya sa ake yawan gwada wannan kiwo shi ne arhar shigarsa. Aure ɗaya, wato mace da namiji, ya isa jari. Ɗakinsu kuwa tsohuwar tukunya ce ko akwatin katako a maƙale can sama a bango, inda muzuru da gafiya ba za su kai ba. Gero da dawa su ne abinci, sai ruwa mai tsabta da 'yar tsakuwa da suke haɗiya don niƙa hatsi a ƙundu. Tattabara na tsoma baki ta zuƙi ruwa ba tare da ɗaga kai ba, saɓanin kaza.

Jarrabawar farko tana zuwa ne tun ranar da aka kawo su. Tattabara ba ta mance gida. Wanda ya sayo aure da safe ya sake su da yamma don ɗoki, gobe zai tarar da su a kan rufin mai sayarwa. Don haka ake kulle sababbi na wasu makonni, ko a rage musu gashin fiffike, kuma masu kiwo sun fi natsuwa in an jira har sun yi ƙwai. A nan ne yawancin masu gwaji ke sarewa, domin tsuntsun da aka saya don a ga yana shawagi shi ne aka tsare a akurki. Rigimar maƙwabta ma daga nan take tasowa: tattabarar wani ta bi garken wani ta shige, a yi ta jayayya kan ko ta wace ce.

Macen kan yi ƙwai biyu, tsakaninsu kusan kwana biyu, a ƙyanƙyashe bayan kamar kwana 18. Kwancin na karɓa-karɓa ne, namiji da rana, mace da dare. Ɗan shila na fitowa ido a rufe, jiki duk ja sai ɗan gashi rawaya, iyayen biyu kuma su riƙa yi masa ɗure da wani farin ruwa mai kauri da ke fitowa daga maƙoƙonsu. Cikin mako huɗu ya yi gashi, ya isa yanka ko sayarwa, kuma sau da yawa uwar ta riga ta sake yin ƙwai kafin ya bar sheƙa. Shi ya sa gogaggu ke ba kowane aure tukunya biyu. Kashinsu taki ne mai ƙarfi da masu lambu ke nema.

A Turai sha'awar ta ɗauki wata hanya. Tseren tattabara ya bunƙasa a Beljiyam a ƙarni na 19, kuma a 1850 Paul Julius Reuter, wanda ya kafa kamfanin dillancin labarai na Reuters, ya yi amfani da su wajen kai farashin hannun jari tsakanin birnin Brussels na Beljiyam da birnin Aachen da ke Jamus a yau. Charles Darwin, masanin kimiyyar halittu ɗan Ingila, ya fara kiwonsu a 1855 don nazarin yadda zaɓen mai kiwo ke sauya siffar dabba. A Nuwamban 2020 an yi gwanjon wata macen tsere mai suna New Kim a Beljiyam kan Yuro miliyan 1.6, kuɗin da mai aure uku a soro zai ji kamar tatsuniya.

Kiwon ya fi dacewa da mazaunin gida wanda zai iya zuba hatsi da sauya ruwa safe da yamma. Matafiyi da ɗan makarantar kwana sai sun sami mai riƙe musu. Yana kuma son mai jure asara, don shaho kan ɗauke mafi kyau a garke, cuta kuma kan share ɗaki cikin 'yan kwanaki. Ƙurar gashinsu da busasshen kashi na iya jawo ciwon huhu ga wanda ya daɗe yana shaƙa, saboda haka ana yayyafa ruwa kafin shara, mai asma kuma gara ya gwada wani abin daban.